In faɗa musu na taɓa kwanciya asibitin ƙwaƙwalwa, ko in yi shiru?

'Yar Arkilla:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karatu a zauren nan ban taɓa sa baki ba, yau dai shawara ta kawo ni.

Ina da digiri na biyu a kiwon lafiyar al'umma. Amma tsakanin bautar ƙasa da komawata makaranta akwai shekara biyu da babu komai a takarduna. Ciwo ne ya cinye su. Na yi kusan sati uku ba barcin kirki, ina zuba magana ba tsayawa, na rabar da suturata kaf ga maƙwabta. Bayan nan na faɗa wani hali na wata bakwai, ko wanka sai Inna ta kama hannuna. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, daga baya aka kai ni asibiti aka ce ciwon nan ne mai hawa da sauka, wanda likitoci ke ce wa baifola. Yau shekara shida ina shan magani, lafiyata ƙalau, alhamdulillahi.

Bara na nemi aikin mataimakiyar mai bincike a wani aiki kan matan da 'yan bindiga suka raba da gidajensu a yankin Isa da Sabon Birni. Da aka tambaye ni shekara biyun nan, na faɗi gaskiya. Na ga yadda biron da ke hannun shugaban ya tsaya. Wata a cikinsu ta ce, cikin tausayi kuwa, "Aikin nan akwai jin labarai masu nauyi, anya za ki ɗauka?" Ba a sake kirana ba.

Yanzu ga gurbin digiri na uku, haɗin gwiwa da wata jami'ar waje, kuma sun rubuta ƙarara cewa suna maraba da waɗanda suka taɓa fama da lalurar ƙwaƙwalwa da kansu. In faɗa ko in yi shiru?

Kawu na Kanwuri:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah shi ƙara lahiya. Ni dai shawarata ki yi shiru. Abin da Allah ya ruhe kar ki buɗe. Garin ga ƙarami na, takarda guda hannu goma ka taɓa ta kahin ta kai inda za ta. Gobe in anka zo neman aurenki, ko na ƙannenki, wanga zance shi za a hwara tonowa. Mun ga gidajen da anka hwasa baiko don an ce kakar yarinya ta taɓa zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Ki ce jinyar gida kinka yi, ba ki yi ƙarya ba.

Maman Ihsan:
Ina bayan Kawu. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ki samu gurbin tukuna.

Anti Nas:
Kawu, da girmanka, gaskiya ka faɗa game da garin, amma ka duba abin da shirun ya jawo mana. Na yi shekara ashirin da bakwai ina aikin jinyar masu wannan lalura kafin in yi ritaya. Na san malaman makaranta, na san ma'aikatan banki, na san alƙali, waɗanda ke zuwa karɓar magani da sassafe, su ajiye mota nesa su ƙarasa da ƙafa don kar a gane su. Kowa ya warke sai ya ɓuya. Wanda ya rage a idon jama'a shi ne wanda ke yawo a tasha ba riga, to dole mutane su ɗauka iyakar ciwon ke nan. Har yara sun mayar da sunan Kware zagi, alhali asibiti ne na gwamnatin tarayya kamar kowane, nan kan hanyar Illela, mutane na shiga da ciwo su fito da sauƙi.

Ban ce ɗiyar nan ta ɗauki kayan kowa a kanta ba. Amma kar a ce mata shiru ba shi da farashi.

Dakta Rima:
Bari in yi magana a matsayin likitan ƙwaƙwalwa da ya ɗan taɓa aikin bincike. Ta fuskar doka, ƙanwata, kina da kariya. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kuma ta hana nuna bambanci wajen aiki saboda wannan lalura. Sai dai wanda bai ɗauke ki ba, ba zai rubuta dalilinsa ba.

Damuwata biyu ce, kuma zan faɗe su ko da ba za su yi daɗi ba. Ta farko, tambayar da matar nan ta yi miki ba shirme ba ce gaba ɗaya. Sauraron matar da aka kashe mijinta a gabanta, sau takwas a wuni, yana karya mai lafiya ma. Ga tafiye-tafiye da rashin barci, kuma rashin barci na daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da irin ciwonki. Ta biyu, bincike yana son mutum ya ɗan ja baya daga abin da yake nazari. Wanda abin ya taɓa shi yana iya jin labarinsa a bakin kowa.

'Yar Arkilla:
Na gode Dakta. Ta farko na karɓa, kuma na fi kowa sanin ta. Ƙarfe goma na dare wayata a kashe take, ko bikin ƙawata ne. Abin da ya yi mini ciwo shi ne ba a tambaye ni yadda nake kula da kaina ba, an yanke mini hukunci ne kawai.

Ta biyun ce ban yarda ba, kuma bari in ba da misali. Lokacin digirina na biyu na raka wata tawaga wani kangon gini da 'yan gudun hijira ke zaune a bayan gari. Ana amfani da takardar nan mai tambaya tara, PHQ-9, da aka fassara zuwa Hausa. Tambaya ta biyu tana cewa ko a sati biyun da suka wuce kin ji baƙin ciki ko kin yanke ƙauna. Aka yi wa wata mata, shekarunta ba su wuce talatin da biyar ba, tana zaune kan buhun da aka shimfiɗa, jariri na jan nononta ita ko kallonsa ba ta yi. Ta ce, "Subhanallahi, wa zai yanke ƙauna daga rahamar Allah? Mun gode Allah." Yaron da ke cikewa ya sa sifili, ya wuce.

Ni kuwa na san wannan zaman. Na yi shi wata bakwai. Na ga gashinta ya dunƙule ƙarƙashin kallabi, na ga kwanon tuwon jiya a gefenta ba a taɓa ba. Da suka matsa gaba na zauna kusa da ita na ce, "Yaya, in dare ya yi, ina zuciyarki ke zuwa?" Sai hawaye. Ta ce tunani ya hana ta barci, gabanta na faɗuwa ko ganye ya motsa, abinci kamar ƙasa a bakinta, kuma da ba don yaron nan ba da ta roƙi Allah ya ɗauke ta.

A rahoton, matar nan lafiyarta lau. To Dakta, wa ya sa son rai a nan, ni ko takardar?

Dakta Rima:
Wannan kam kin kama ni. Ko a ɗakin duba marasa lafiya ba na amfani da "yanke ƙauna", don na san amsar da zan samu. Amma ban taɓa zama na rubuta cewa fassarar na da matsala ba. Muna karɓarta ne yadda ta zo.

Bappa Wamakko:
Salamu alaikum. Tunda an taɓo fassara dole in shigo, don nan ne nawa ciwon yake.

Ni Bafulatani ne, na yi karatu har babbar difloma. Ayyukan bincike huɗu na yi wa tafinta a rugage, biyu a cikinsu kan damuwa da shaye-shaye. Ni ke nemo arɗo, ni ke shan fura da mutane kwana biyu kafin su yarda su buɗe baki, ni ke ɗauko babur in shiga inda motar ofis ba ta zuwa. Ana biyana kuɗin wuni, a ce an gode. Daga baya wani abokina ya nuna mini ɗaya daga cikin rubuce-rubucen a intanet: sunaye tara a sama, babu mai jin Fulfulde ko ɗaya. A can ƙasa an gode wa "mataimakan fili".

Ba sunan ne ya fi damuna ba. Abin da suka rubuta ne: wai damuwa ta yi ƙaranci a tsakanin makiyaya. Na faɗa musu tun a fili cewa Bafulatani ba ya kuka gaban baƙo. Muna da semteende, wato kunya, muna da munyal, wato haƙuri da daurewa. Mutumin da aka kore masa shanu sittin zai dube ka ya ce "jam tan", lafiya kawai. In kana son sanin halinsa, tambayi ko yana zuwa kasuwa har yanzu, ko ya daina zama cikin mutane. Aka ce mini ba a canza tambaya, in karanta yadda take.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Wa ya taɓa tambayar Zabarmawa da harshensu? Buzayen da ke gadi a unguwanninmu fa? Da an ce Sakkwato sai a buga takarda da Hausar Kano a ce an gama.

Kawu na Kanwuri:
Wanga zance na Bappa gaskiya na. Ko mu, in anka karanto muna Hausar rediyo, sai mun sake tambaya mi anka ce.

Ɗan Gobir a Ingila:
Ina digiri na uku a nan, a fannin da ke kusa da wannan, bari in faɗi abin da na gani da idona.

Maganar sa waɗanda suka yi fama da ciwon cikin bincike ta yi nisa a nan. A jami'ar King's da ke Landan an kafa sashe tun 2001 wanda masu binciken cikinsa mutane ne da suka taɓa zama marasa lafiyar ƙwaƙwalwa. Diana Rose, wadda ta jagorance shi, ta kai matsayin farfesa ba tare da ta ɓoye tarihinta ba. Ɗaya daga ayyukansu na farko shi ne kan jinyar nan ta jona lantarki a kai, inda suka nuna cewa marasa lafiya na kokawa da mantuwa fiye da yadda rahotannin likitoci ke nunawa. Kun ga dai irin abin da 'Yar Arkilla ta faɗa ne. A Afirka ta Kudu kuma Charlene Sunkel, wadda ita ma ke rayuwa da lalurar ƙwaƙwalwa, ta kafa ƙungiyar irinsu ta duniya a 2018.

Amma ƙanwata, kar "muna maraba" ta ruɗe ki. Masu ba da kuɗin bincike da yawa yanzu sun sa shi sharaɗi, shi ya sa kowa ke rubutawa. Na zauna a taron da aka gayyato mutum biyu masu lalurar, aka ba su shayi, suka ba da labarinsu har da kuka, aka tafa, suka fita, sannan aka rufe ƙofa aka fara maganar kuɗi da tsarin aiki. Kuma ko a cikin masu lalurar, waɗanda ke samun kujera galibi farare ne masu digiri, alhali baƙaƙen fata a Ingila sun fi fararen yawan tsarewa a asibitin ƙwaƙwalwa bisa tilas, ninki uku ko fiye.

Kafin ki faɗi komai, ki tambaye su: wa ke tsara tambayar binciken? Sunan wa zai fito a kan rubutun? In ciwo ya tashi, akwai hutun jinya ko tallafin zai tsaya? Amsarsu za ta nuna miki ko ɗaliba suke nema ko hoto.

Malam Mabera:
Assalamu alaikum. Ina ta bibiya. Ni malamin Islamiyya ne kuma ina yin ruƙiyya, don haka na san wasu za su ce ni ne matsalar. Amma ku sani, kafin mutum ɗaya ya isa wurin Dakta, goma sun biyo ta zaurena. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan duka ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Ina mutane za su je?

Shekaru sun koya mini bambance wanda addu'a da nasiha za su ishe shi da wanda dole a haɗa da asibiti. In na ga mutum ya kwana huɗu bai runtsa ba, da kaina nake sa a nemo mota. Ba wani mai bincike da ya taɓa zuwa ya tambaye ni yadda nake ganewa. Sai dai a rubuta mu a jerin "abubuwan da ke jawo jinkiri".

Ita kuma ɗiyar nan, ciwo jarrabawa ce, ba abin kunya ba. Suturta kai halal ne, bayyanawa don amfanin mutane ma alheri ne. Ta duba wanda zuciyarta za ta iya ɗauka, ta yi istihara.

Anti Nas:
Malam, Allah ya saka. Amma a faɗi ɗayan ɓangaren: na karɓi marasa lafiya da sawun mari a ƙafa, wani har ƙashi ya fito. Kowa ya tuna gidan marin da aka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna a 2019. Ba duka ne irinka ba.

Malam Mabera:
Haka ne Hajiya, kuma zalunci ne, ba addini ba. Ban kare su ba.

Dakta Rima:
Abin da Malam ke nema an taɓa yin sa a ƙasar nan. Farfesa Adeoye Lambo, tun 1954 a Aro ta Abeokuta, ya sauke marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa da ɗan uwansa mai jinya, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A 2020 ma tawagar Farfesa Oye Gureje ta Ibadan ta wallafa gwajin da ta yi a Ibadan da Kumasi ta ƙasar Ghana, inda ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi suka haɗa hannu da masu maganin gargajiya da na addini, kuma marasa lafiyar sun fi samun sauƙi. Ku lura da inda jagororin waɗannan ayyuka suke: kudu maso yammacin ƙasar nan. Ba laifinsu ba ne, sun gina nasu ne. Mu a nan likita ɗaya na ganin layin da ba ya ƙarewa, yaushe zai zauna rubuta neman tallafi? Shi ya sa in aikin ya zo daga waje yake zuwa, da tambayoyinsa a kammale, mu kuma a ɗauke mu masu tattarawa.

Maman Ihsan:
To ni duk na ji, amma har yanzu ba wanda ya amsa maganar Kawu. Ita za ta zauna a garin nan, ba 'yan Landan ba. Hauwa Ojeifo, mai fafutukar nan kan lafiyar ƙwaƙwalwa, ta fito ta faɗi nata ciwon, har gaban majalisa ta je, amma ba a Arkilla take kwana ba. In magana ta fita, ku za ku aure ta?

Anti Nas:
Maman Ihsan, wanda zai gudu don ya ji, gara ya gudu tun kafin a shafa fatiha. Na ga auren da aka ɓoye, amarya ta daina shan magani don kar miji ya gani, wata huɗu aka dawo da ita ba ta san inda take ba.

Kuma aikin da yarinyar nan ke so ba baƙo ba ne a garin nan. Nana Asma'u ba ta jira matan ƙauye su zo Hubbare su same ta ba kawai. Ta naɗa jajis daga cikinsu, matan da suka san gidajen da harshen, ta ɗora musu malfa ta ba su izini, su ne 'Yan Taru. Ba 'yan rakiya ta mayar da su ba, malamai ta mayar da su. Ta kuma yi rubutu da Fulfulde da Hausa da Larabci don kowa ya ji da nasa.

'Yar Arkilla:
Na karanta duka, wasu sau biyu. Kawu, Maman Ihsan, na san ƙauna ce ta sa ku faɗi haka, kuma tsoron da kuke ji ina jin sa.

Ga abin da ya tsaya mini. Akwai tambayar da nake so in bincika, kuma ba zan iya bayanin inda na samo ta ba sai na faɗi ko ni wace ce. Maganin da nake sha, litiyam, ba ya son jiki ya bushe. In ruwa ya yi ƙaranci yana taruwa a jini har ya zama guba, shi ya sa ake auna jinina lokaci-lokaci. To ku tuna azumin da ya faɗo a watan Afrilu a Sakkwato, zafi ya haura 40, ba wuta. Shekarar farko ban tambayi kowa ba. Kunya ta hana ni tambayar malam, tsoron a ce in ajiye azumi ya hana ni tambayar likita. Ranar sha biyu hannuna na rawa har kofi ya faɗi, ina ta amai. Ga tashin sahur da tahajjud, barci ya rabu gida uku. Daga baya na zauna da likitana muka tsara yadda zan yi, malam ma ya yi mini bayanin rangwamen da mara lafiya ke da shi.

A layin karɓar magani na tambayi mata irina, a hankali. Kowace da dabararta: wata ta daina sha wata guda cur, wata ta haɗe na safe da na dare ba da sanin likita ba. Ba sa faɗa wa mai farar riga. Ni suna faɗa mini don sun ga katina irin nasu ne, a cikin leda, gefensa ya lanƙwashe. Wannan nake so in yi digirina a kai.

Don haka zan faɗa, amma a sakin layi ɗaya, a jikin tambayar, ba labarin rayuwata ba. Kafin nan zan tura musu tambayoyin Ɗan Gobir uku. In amsar ba ta gamsar ba, na fasa.

Kawu na Kanwuri:
To ɗiyata, tunda kin yanke, Allah shi sa albarka. Abu guda: ki hwaɗa ma Innarki da mahaihinki kahin ki tura. Kar su ji ga bakin wani.

'Yar Arkilla:
In sha Allahu Kawu, yau da dare bayan isha'i.

Bappa, ina so a sa masu jin Fulfulde cikin tsarin tun daga farko, kuma da sunanka a takardar neman, ba a ƙasa ba. Za ka yarda mu zauna?

Bappa Wamakko:
Na yarda. Amma ki sani matan rugga ba za su yi wannan magana da ni ba, sai mace. Akwai ƙanwata da ta gama makarantar koyon jinya, zan zo da ita.

Dakta Rima:
Turo mini daftarin kafin Alhamis in duba ɓangaren magani da abin da kwamitin ɗa'ar bincike zai tambaya. Kuma ki sa layin kuɗi na mai ba ma'aikatan fili shawara duk sati, ke da Bappa da kowa, ba ke kaɗai ba. Malam, in an kai ga tambayoyin azumi za mu buƙace ka.

Malam Mabera:
Ina nan. Bayan la'asar ya fi mini, ban da Juma'a.